Ina Son Koyon Gyaran Agogo: Shin Da Agogon Mahaifina Zan Fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne, ba sana'a nake nema ba, sha'awar abin ce kawai ta kama ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini agogon hannu irin wanda ake wanawa, ba mai batir ba, kuma ya yi shekaru a ajiye. Idan na wana shi sai ya yi tafiya ta 'yan mintuna ya tsaya. Na sha kallon yadda ake kwance irin waɗannan agogo har na ji kamar zan iya, kuma na fara duba kayan aikin da zan saya. Shin ya dace in fara koyo da shi? Waɗanne kayan aiki ne suka zama dole ga mai farawa, kuma me ya kamata in sani kafin in buɗe bayansa?"

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Tambayarka kashi uku ce, amma ta farkon ita ce ta fi nauyi, don haka zan ba ka amsarta tun yanzu ba tare da kewaye-kewaye ba: kada ka fara da agogon mahaifinka. Ka daina wana shi ma daga yau, ka nannaɗe shi a ƙyalle mai laushi, ka sa shi inda babu danshi, ka bar shi har sai hannunka ya faɗa. Ba raina ka nake yi ba. Duk wanda ya koyi wannan aiki ya lalata agogon da ya fara taɓawa ko kuma ya kusa, ni ma ban tsira ba, kuma agogon gado ba shi da na biyu. Sauran bayanin da zan yi duk don ka fahimci dalilin haka ne, ka kuma san hanyar da za ta kai ka ranar da za ka buɗe shi da hannunka ba tare da fargaba ba.

Abin da ke faruwa a cikin agogon

Kafin maganar kayan aiki, ya kamata ka riƙe hoton injin a kanka, domin wanda bai san inda ƙarfi yake fitowa da inda yake zuwa ba, ko ya kwance ya ɗaura sau goma bai koyi komai ba. Idan ka murza ɗan kan nan da ke gefen agogo, wani dogon sifirin ne kake naɗewa a cikin wata 'yar ganga mai haƙora a gefenta. Wannan sifirin shi ne rumbun ƙarfin agogon gaba ɗaya. Yana son ya warware, sai ya tura gangar, gangar ta tura wilin tsakiya wanda ke zagayawa sau ɗaya a awa, shi kuma ya tura wili na uku, na uku ya tura na huɗu wanda ke zagayawa sau ɗaya a minti, na huɗu ya tura wili na ƙarshe mai haƙora irin na ƙugiya. Da babu abin da ya tare wannan wili na ƙarshe, da ƙarfin duka ya zube cikin 'yan daƙiƙu. Abin da ke tare shi wani ɗan ƙarfe ne mai yatsu biyu, wanda masu aikin ke kira anka, yana kamawa yana saki, haƙori ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma anka ba ya motsi sai da izinin wili mai lilo, wato balans, wanda ke kai-komo bisa wani sifirin siriri kamar gashi. Wannan "cak-cak" da kake ji idan ka kara agogo a kunne, ƙarar kamawa da sakin ankan ce.

Wannan tsari tsoho ne ƙwarai. Christiaan Huygens, masanin ƙasar Holan, shi ya fito da siririn sifirin na balans a 1675, Thomas Mudge na Ingila kuma ya ƙirƙiro tsarin anka a tsakiyar ƙarni na 18, kuma har yau kusan duk agogon hannu da ba na batir ba bisa waɗannan abubuwa biyu yake tafiya. Na kawo wannan ne don ka gane cewa idan ka fahimci inji ɗaya sosai, ka fahimci ƙashin bayan dubban injuna.

Sannan ka yi la'akari da yawan aikin. Tsofaffin agogo da yawa suna bugawa sau 18,000 a awa, wato sau biyar a daƙiƙa, wanda ya kama sau 432,000 a yini ɗaya. Na baya-bayan nan suna yin 21,600 ko 28,800 a awa. Duk wannan kai-komo yana gudana ne a kan tsinin sandar balans, wanda kaurinsa bai wuce na gashin kai ba. Shi ya sa ake dasa 'yan jajayen duwatsu a ramukan da tsinayen ke juyawa. Yaƙutu ne na haɗi, wanda aka fara samarwa da yawa bayan Auguste Verneuil na Faransa ya bayyana hanyarsa a 1902. Ba don ado aka sa su ba, kuma ba su da wata daraja idan aka cire su. An sa su ne saboda taurinsu da santsinsu da yadda suke riƙe ɗigon mai. Idan ka ga an rubuta cewa agogo yana da duwatsu 17, to wannan shi ne cikakken adadin da injin wanawa na yau da kullum yake buƙata.

Me ya sa na mahaifinka yake tsayawa?

Abin da ka faɗa, cewa yana tafiya na 'yan mintuna kafin ya tsaya, labari ne mai daɗi. Yana nuna cewa mai yiwuwa babban sifirin bai tsinke ba, kuma tsinin balans bai karye ba, domin da ɗayansu ya faru da ba zai yi irin wannan tafiyar ba. Mafi yawan agogon da aka kawo mini da wannan alama, cutarsu ɗaya ce: man da aka sa musu shekaru da dama da suka wuce ya bushe, ko ya yi kauri ya zama kamar ƙaro, ya haɗu da ƙura ya riƙe tsinayen. Ƙarfin da ke barin ganga yana raguwa a kowane wili, har wanda zai isa balans bai kai ya ci gaba da kaɗa shi ba. Wannan ne ma dalilin da na ce ka daina wana shi. Tsini mai juyawa a busasshen rami da ƙura a ciki, kamar ana goga shi ne a kan dutsen wasa wuƙa, kuma abin da ya zaizaye ba ya dawowa.

Akwai wasu dalilan da za ka iya tantancewa da ido ba tare da ka buɗe komai ba, idan ka tuna yadda yake yi. Idan tsinken daƙiƙa yana tsayawa a wuri ɗaya kullum, to a duba wili na huɗu, wataƙila wani datti ya maƙale a haƙorinsa, ko kuma tsinken yana gogar gilashi ko wani tsinken. Idan yana tafiya a kwance amma ya tsaya da zarar an kifa shi, to hankali ya koma kan dutsen da ke gefe ɗaya na balans. Za ka kuma ji mutane suna cewa an wana agogo ya wuce kima shi ya sa ya tsaya. Wannan magana ba ta da tushe. Abin da ke faruwa shi ne agogon ya riga ya tsaya saboda wata matsala, mai shi ya yi ta wanawa har sifirin ya cika, sai a ɗora wa wanawar laifi.

Da wane inji za ka fara?

Sharuɗɗa uku nake gindaya wa duk wanda ya zo koyo a wurina: injin ya zama babba, ya zama mai sauƙi, kuma ya zama yana aiki. Sharaɗi na uku shi ne wanda masu farawa suka fi yi wa gardama, don suna ganin ai matacce ya kamata a saya tunda gyara ake son koya. To ka duba. Idan ka kwance injin da ke tafiya, ka ɗaura, ya ƙi tashi, ka san laifin daga hannunka yake, sai ka koma ka nemo inda ka kauce. Idan kuwa matacce ka saya, ka kwance ka ɗaura ya ƙi tashi, ba za ka taɓa sanin ko kai ne ka yi kuskure ko dama can akwai abin da ya karye ba. Mutane da yawa a nan suke sarewa su watsar da abin, alhali ba su yi laifin komai ba.

Injin da aka fi koyo da shi a makarantun gyaran agogo shi ne ETA 6497 ko ɗan'uwansa 6498. Asalinsa na kamfanin Unitas ne na ƙasar Suwizalan, tun shekarun 1950, kuma don agogon aljihu aka yi shi, shi ya sa faɗinsa ya kai milimita 36.6. Ba shi da kwanan wata, ba shi da na'urar wana kai, duwatsunsa 17, komai nasa a fili yake kamar an zana a allo. Kamfanin Seagull da ke Tianjin a ƙasar Sin yana yin kwafinsa mai suna ST36, wanda ya fi shi araha nesa ba kusa ba, kuma shi nake ba da shawara. Idan da hali ka sayi biyu, ɗaya na aiki, ɗaya ka bar shi a ɗaure don ka riƙa dubawa idan ka rikice, kuma ya zama ma'ajiyar kayan canji ranar da wani abu ya yi tsalle ya ɓace. Bayan ka ƙware a kansa sai ka matsa zuwa injin Seiko irin 7S26 ko NH35, inda za ka haɗu da kwanan wata da na'urar wana kai. Ka nisanci ƙananan agogon mata na da, da masu auna gudu waɗanda ke da maɓallai a gefe, har sai can gaba.

Kayan aiki

A nan ne ake ɓarnar kuɗi ta fuska biyu. Wani ya sayi akwatin nan mai kaya barkatai a farashi mai rahusa, wani kuma ya sayi duk abin da ya gani a teburin ƙwararre tun bai kwance noti ɗaya ba. Ra'ayina shi ne abubuwa biyu kacal suka cancanci ka kashe musu kuɗi sosai tun farko: hantsaki da sukundireba. Su ne yatsunka a wannan aiki. Hantsaki mai kyau, irin na Dumont lamba 2 ko 3, bakinsa yana haɗuwa daidai, yana riƙe abu ba tare da ka matse ba. Maras kyau kuwa bakinsa yana buɗewa idan ka matsa, sai ka ga noti ya yi fitar burtu, ka ji ɗan sautinsa a can wani lungu na ɗaki. Sukundireba kuma ba ka buƙatar fiye da biyar ko shida, daga milimita 0.8 zuwa 2, kuma na Bergeon ko makamancinsu suna daɗewa. Amma ko mafi tsadarsu sai ka koyi wasa bakinsa a kan dutse, ta yadda zai cika tsagar notin ba tare da ya taɓa ƙasanta ba. Bakin da bai zauna ba shi ke zamewa ya ja dogon tabo a kan farantin inji, ko ya faɗa kan siririn sifirin.

Sauran kayan masu sauƙi ne: madubin ido mai ƙara girma sau huɗu don aiki da wani mai sau goma don bincike, mariƙin inji, tire mai ɗakuna da murfi, 'yar robar hura iska, tsinken katako, safar yatsa ta roba, da wani abu mai kama da ƙullu da ake kira Rodico wanda ke ɗauke datti da shatin yatsa. Kada ka taɓa hura inji da bakinka, domin tururin numfashi yana barin danshi, danshi kuma tsatsa yake haifarwa. Abin da ba a saye da kuɗi amma ya fi duk waɗannan shi ne zama. Tebur ya yi tsayi har ya kusa kai ƙirjinka, gwiwar hannunka biyu su zauna a kai, fitila mai haske ta sauko kusa, ƙasan ɗakin kuma ya zama a share ba darduma mai gashi. Rawar hannun da masu farawa ke kuka da ita, galibi daga rataye hannu a iska take zuwa.

Kafin ka taɓa inji, ka yi kwana biyu ko uku kana ɗaukar ƙananan notoci da hantsaki, kana juya su, kana tsayar da su a kan kawunansu. Aikin zai yi maka kama da ɓata lokaci, amma shi ne zai koya wa yatsunka iya matsin da ya isa.

Kwancewa ta farko

Doka ta farko, wadda ba ta da sassauci, ita ce a sauke ƙarfin babban sifirin kafin a kwance komai. Za ka riƙe kan wanawa da yatsu biyu, ka ɗan murza shi gaba, ka janye 'yar ƙugiyar da ke hana shi komawa baya da tsinken katako, sannan ka bar kan ya riƙa zamewa a hankali tsakanin yatsunka har ƙarfin ya ƙare. Wanda ya manta wannan ya cire anka, wilolin za su kwasa da gudu da wata ƙara mai tayar da hankali, kuma sau da yawa haƙori ko tsini ne ke tafiya. Daga nan sai ka cire balans tare da gadarsa, wato ɗan farantin ƙarfen da ke riƙe shi ta sama, ka ɗaga shi a hankali don kada siririn sifirin ya miƙe, ka kifa shi a wuri mai murfi nesa da hannunka. Kowane mataki ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire abu da bayan ka cire, kuma kowane noti ka ajiye shi tare da abin da ya fito daga jikinsa, domin suna kama da juna amma tsawonsu ya bambanta, kuma dogon noti a gurbin gajere yana iya tokare wili ta ɗaya gefen.

Akwai tarko ɗaya da na faɗa a farkon koyona, kuma ina so ka tsallake shi. A injuna da yawa, notin da ke riƙe ƙaramin wilin wanawa a juye yake, wato ta dama ake kwance shi. Wasu masana'antu suna zana layi uku a kansa don gargaɗi, wasu ba sa yi. Ni ban sani ba a lokacin, na ga ya yi tauri, na ƙara ƙarfi ta hagu, sai kawai na ji ya saki. Da na duba ta madubi, kan notin ne a bakin sukundireba, gindinsa kuwa yana can cikin rami. Na yi makonni kafin in sami hanyar fitar da shi. Tun daga ranar na riƙe cewa duk abin da ya ƙi motsi a cikin agogo yana da dalili, kuma ƙara ƙarfi ba ya cikin hanyoyin gano dalilin. Garin neman gira a nan ake rasa ido.

Wajen ɗaurawa, wurin da ya fi cin tsini shi ne mayar da gadar wiloli. Wili uku ko huɗu ne kowanne da tsininsa na sama, kuma dole kowanne ya shiga ramin dutsensa kafin gadar ta zauna. Ka ɗora gadar ba tare da danna ta ba, ka riƙe ta da tsinken katako kamar yadda za ka dafa kan jariri, ka leƙa ta gefe da madubi, ka riƙa tura kowane wili da bakin hantsaki har ka ji gadar ta sauka da kanta. Kada ka ɗaure noti sai ka taɓa gangar ka ga duk wilolin sun juya tare. Ko a lokacin ma, rabin juyi za ka yi wa kowane noti, ka sake gwadawa, sannan ka ƙarasa. Idan ka gama, ka ɗan wana kaɗan tun kafin ka sa anka: wilolin su juya sumul, wili na ƙarshe ya tsaya a hankali, har ma ya ɗan koma baya. Bayan ka sa anka ka sake wanawa kaɗan, ka taɓa wutsiyarsa, ya kamata ya yi tsalle da kansa zuwa ɗaya gefen. Sannan balans. Idan ɗan dutsen da ke ƙarƙashinsa ya faɗa bakin anka daidai, za ka ga wilin ya fara lilo tun gadar ba ta gama zama ba. Na yi shekaru ina wannan aiki, amma har yau idan na ga wannan motsin sai na ji wani sanyi a raina.

Ka maimaita wannan kwancewa da ɗaurawa sau biyar ko fiye a kan injin gwaji, ba wanki ba mai, har sai ka iya yi ba tare da duba hoto ba.

Wanki da sa mai

Abin da ake kira gyaran agogo, kaso mafi girma nasa wanki ne da sa mai. Mai koyo a gida ba ya buƙatar injin wanki. Ƙananan kwalabe masu murfi sun isa: na farko da man wanki mai saurin bushewa irin wanda ake zuba wa laita, sai biyu na ɗauraya da sinadarin isofurofil mai tsafta, da ɗan burushi mai laushi. Duka biyun suna kama wuta, don haka a buɗe taga, a nisanci harshen wuta. Kowane ramin dutse sai ka fiƙe tsinken katako ka juya a ciki, ka sake fiƙewa ka sake juyawa, har tsinken ya fito fari. Amma ka kula da abu ɗaya: duwatsun anka da ɗan dutsen ƙarƙashin balans da wani irin ƙaro ake manne su, ana kiransa shelak, kuma isofurofil yana narkar da shi. Waɗannan biyun kada su daɗe a ciki, tsomawa ɗaya a fitar.

Sa mai kuwa shi ne inda ake gane wanda ya iya. Agogo ba ya son mai da yawa, kuma wanda ya yi yawa ya fi wanda ya gaza illa, domin yana malala ya bar inda ake buƙatarsa, ya ja sauran ya tafi da shi, idan kuma ya kai ga siririn sifirin sai zagayensa su manne, agogo ya riƙa gudu kamar an kore shi. Ana amfani da man Moebius 9010 a wurare masu sauri kamar duwatsun balans, HP-1300 a wurare masu nauyi kamar wilin tsakiya, 9415 a fuskar duwatsun anka, da giris a sassan wanawa da saita lokaci. Haƙoran wiloli ba a sa musu komai, tsinin anka ma a mafi yawan injuna a bushe ake barinsa. Man keken ɗinki ko na inji ba su da wuri a nan ko kaɗan. Ɗigon da ake sa wa dutsen murfin balans, wato dutsen da ke rufe bakin tsininsa, bai kamata ya wuce kusan rabin faɗin dutsen ba, kuma dutsen kansa bai kai kan allura girma ba. Sifirin da ke riƙe wannan dutse, wanda a tsarin Incabloc na kare tsinin balans daga girgiza yake kama da 'yar garaya, shi ne abin da ya fi ɓacewa a hannun masu koyo. Ka dafa shi da Rodico kafin ka buɗe shi.

Yadda za ka san ka yi daidai

Tashin agogo ba shi ne shaidar gyara ba. Akwai na'urar da ke sauraron bugun agogo ta nuna abu uku, kuma idan sha'awar ta zauna maka, ita ce babban abu na farko da ya kamata ka saya. Tana nuna daƙiƙa nawa yake ƙarawa ko ragewa a yini, da faɗin lilon balans, da bambancin da ke tsakanin bugun hagu da na dama. Masu farawa na farkon suke kallo, amma na biyun ne ke faɗin gaskiyar aikinka. Inji mai tsafta da aka wana ya cika, yana kwance, ana sa ran lilonsa ya kai tsakanin digiri 270 zuwa 310, ko da yake injunan Seiko sukan yi ƙasa da haka bisa ƙirarsu. Idan ka ga 180, to akwai datti ko gogayya a wani wuri, kuma matsar da sandar saiti ba zai magance shi ba, ɓoye shi kawai zai yi. Kada kuma ka ɗora wa kanka abin da ba a ɗora wa tsohon agogo ba. Hukumar COSC ta Suwizalan, wadda ke ba agogo shaidar daidaiton lokaci, tana karɓar ragin daƙiƙa 4 zuwa ƙarin 6 a yini, kuma sababbin injuna zaɓaɓɓu ake kai mata. Tsohon agogo da ke cikin rabin minti a yini ya yi abin yabo. Idan kuma ka ga agogo yana gudu fiye da hankali, ka kusantar da shi ga kamfas mai nuna arewa kafin ka buɗe shi; idan allurar ta motsa, maganaɗisu ne ya kama shi, kuma 'yar na'urar cire maganaɗisu tana gama aikin cikin daƙiƙu.

Gargaɗi kan lafiyarka

Wannan ya shafi agogon mahaifinka kai tsaye idan tsoho ne sosai. Har zuwa shekarun 1960 ana shafa wa lambobi da tsinken agogo fenti mai ɗauke da sinadarin radiyam don su yi haske da dare. Matan da suka yi aikin shafa wannan fenti a Amurka a shekarun 1920, waɗanda aka koya wa fiƙe bakin burushi da leɓe, da yawansu sun kamu da mummunar cuta a ƙashi, wasu suka rasu. Fentin yana daina haske bayan shekaru, amma radiyam ɗin yana nan, domin sai ya yi kimanin shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Haɗarin yana cikin ƙurarsa idan aka shaƙa ko aka haɗiye. Idan ka ga lambobin sun yi ruwan ƙasa kamar an ƙona su, ko suna marmashewa, kada ka buɗe ta gaba, kada ka hura, kada ka kankare. Na'urar Geiger, mai gano tartsatsin da sinadarai irin radiyam ke fitarwa, ce kaɗai ke tabbatarwa. Waɗanda aka rubuta wa harafin T kusa da sunan ƙasar ƙira a ƙasan fuska, tiritiyam aka sa musu, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi cikin kimanin shekara 12, kuma haɗarinsa bai kai na radiyam ba.

Neman taimako, da ranar komawa ga agogon gado

Za ka maƙale, babu makawa, kuma waɗanda suka riga ka a wannan fanni mutane ne masu son taimako idan aka kawo musu tambaya cikakkiya. "Agogona ya ƙi tashi" ba ta ba kowa abin kamawa. Ka nemo lambar injin, wadda galibi take ƙarƙashin balans ko a kan gada, ka ɗauki hoto mai haske, ka faɗi abin da ka yi daki-daki, har da kuskuren da kake jin kunyarsa, domin sau da yawa a nan amsar take. Idan amsoshi suka saɓa, musamman kan mai, kada abin ya dame ka, ƙwararru ma sun saɓa a kansa. Ka nemi takardar bayanin da masana'antar ta fitar wa injin, ka bi ta. Idan kuma kana son karatu mai tsari, cibiyar masu aikin agogo ta Ingila, BHI, wadda aka kafa a 1858, tana da darussan koyo daga nesa.

Game da agogon mahaifinka, abin da na faɗa kan dalilin tsayawarsa hasashe ne daga bayaninka, sai an buɗe an gani za a tabbatar. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina shi ne kada su taɓa abu mai daraja sai sun wanke injuna biyar zuwa goma, kowanne ya fito da lilo mafi faɗi fiye da yadda ya shiga. Sannan ka nemo wani inji iri ɗaya da na mahaifinka, ka yi aikin a kansa tukuna, don ka san tarkunansa, ka kuma sami kayan canji a hannu. Idan ka buɗe ka tarar da tsatsa, ko karyayyen tsini, ko siririn sifirin da ya murɗe, to ka rufe ka kai wa ƙwararre, domin wannan aiki ne na wasu kayan da wasu shekarun. Ni kaina akwai abin da ba na karɓa, kamar sassaƙa sabuwar sandar balans ga injin da babu kayansa, sai in tura wa wanda ya fi ni. Kuma duk wanda zai yi aikin, kai ko wani, ka ce masa kada a sake fentin fuskar, kada a goge jikin da inji har kaifin gefensa ya tafi. A wanke injin, a canza robar bayan da gilashin idan sun lalace, a mayar maka da tsofaffin a 'yar leda, a bar sauran yadda mahaifinka ya bar shi.